Umarari Da Maƙwabtanta: Zaman Ƙauye Da Sana'o'insa Shekaru 100 Da Suka Wuce

A wannan mako filin namu zai yi gabas, zuwa ƙasar Barno, mu yada zango a bakin Maiduguri.

Duk wanda ya zauna Maiduguri ya san sunan Umarari. Akwai unguwa mai wannan suna a cikin gari, akwai kuma ƙauye a gefen Molai, kan hanyar Dambuwa. Amma mutanen nesa, da yawansu ba su taɓa jin sunan ba sai a watan Maris na 2016, sa'ad da aka kai hari masallacin Umararin Molai ana sallar asuba, mutum fiye da 20 suka riga mu gidan gaskiya. Allah ya jiƙansu da rahama. Abin baƙin ciki ne ƙwarai a ce wuri bai shiga bakin duniya ba sai ta hanyar masifa, alhali kuwa kakannin mutanen waɗannan wurare sun yi zamansu da rufin asiri, kowa da abin yinsa. Saboda haka yau za mu koma baya wajen 1925, mu duba da me ƙauyukan da ke kewaye da Yerwa suka rayu, mu ga kuma ko akwai abin da za mu tsinta.

Sunan kansa ma labari ne. A harshen Barebari, in an liƙa “ri” ko “ti” a ƙarshen suna, to, ana nufin wurin wane ko mazaunin su wane. Haka aka sami Shehuri, unguwar Shehu, da Hausari, unguwar Hausawa, da Limanti, wajen liman. Ashe ke nan Umarari mazaunin Umaru ne. Da haka ƙauyuka da yawa na ƙasar nan suka tashi: mutum guda ya sari daji, ya haƙa rijiya, dangi da barori su biyo shi, sunansa ya bi wurin har bayan an manta da kamanninsa.

Yadda Yerwa Ta Tashi

Kafin mu shiga ƙauye, ya kamata mu san birnin da ƙauyen ya dogara da shi. A 1893 Rabe ya ci Barno da yaƙi, ya rushe Kukawa, birnin da Shehu Laminu ya kafa a 1814, ya mai da Dikwa mazauninsa. A 1900 Faransawa suka kashe shi a Kusuri. Turawan Ingila suka iso a 1902, suka kafa barikinsu a Mafoni, kusa da tsohon ƙauyen Maiduguri da kogin Ngadda. A 1907 Shehu Abubakar Garbai ya baro Kukawa ya tare a sabon garin da aka yanka masa, watau Yerwa. Da ya rasu a 1922, Shehu Sanda Kura ya gaje shi, shi ne kuwa ke kan gado a zamanin da muke magana, har zuwa 1937.

To, ka ga ke nan a 1925 Yerwa ba ta ko cika shekara 20 ba. Sabon gari ne mai fada, da bariki, da kasuwa, da dubban bakunan da ke bukatar tuwo kullum. Hatsin da za su ci, da itacen girki, da ciyawar dawakin fada, da nono, da tukwane, duk daga ƙauyukan kewaye suke shigowa, a kan jakai da takarkarai da kawunan mata. Kowane ƙauye yana da bulama, bisa bulama akwai lawan, bisa lawan akwai ajiya, watau hakimi, sa'an nan Shehu, can gefe kuma ga Razdan na Lardin Barno yana duban kowa. Ta wannan tsani haraji da jangali ke hawa har su kai baitulmalin En'e.

Manomi Da Gonakinsa Biyu

Noma shi ne na duƙe tsohon ciniki, a Barno ma haka abin yake. Sai dai manomin wannan yanki ya fi na wurare da dama dabara, domin Allah ya ba shi ƙasa iri biyu. Akwai jigawa mai rairayi, inda yake shuka gero da wake da gyaɗa da zarar ruwa ya sauka wajen watan Yuni ko Yuli. Akwai kuma baƙar ƙasa mai yumɓu wadda ake kira firki, musamman ta gabas wajen Dikwa da bakin tafki, wadda ruwa ke kwanciya a kanta da damina, ta tsattsage da rani.

A wannan firki ne ake noman masakwa, dawar rani, abin da baƙo kan gani ya riƙe baki. Tun damina ba ta ƙare ba manomi zai yafa iri a wani ɗan fili ya rene shi, ya kuma tayar da ƙananan kunyoyi a gonar don su tsare ruwa ya nutse a ƙasa. In ruwa ya janye wajen watan Oktoba, sai a zo da turu mai tsini a huda ƙasa, a zuba ɗan ruwa a ramin, a dasa. Shi ke nan. Ba ta sake ganin ruwan sama, da laimar da yumɓu ya riƙe da raɓar hunturu za ta yi ta girma, har a girbe ta wajen Janairu ko Fabrairu. Watau in damina ta yi gardama gero ya ƙi, akwai sauran sa rai ga masakwa. Mai fadama kuma, a bakin Ngadda da Alau da kwarin Jere, yana da nasa lambun.

Hatsin da aka samu, ban da rumbu, akan haƙa rami a shimfiɗa ƙaiƙayi, a zuba, a rufe da ƙasa, ya shekara ko fiye bai ɓaci ba. Mutanen 1925 ba su wasa da wannan ajiya, gama yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914 tana nan a ransu, ga kuma annobar murar 1918 da ta biyo baya ta kwashe jama'a. Wanda ya taɓa ganin an haƙa gidan tururuwa ana neman tsaba, ba a yi masa wa'azin tanadi.

Masu Sana'ar Hannu

Manomi ba ya fita gona sai maƙeri ya sallame shi. Maƙeri, wanda Barebari ke kira kagilma, shi ne mai fartanya da gatari da lauje da wuƙa, da mashi da linzamin doki. Yana zaune a rumfarsa da uwar maƙera da masaba da awartaki, yaro na zuga-zugi, tun kafin damina manoma ke layi a ƙofarsa. Sau da yawa ba a biyansa nan take. Sai kaka ta yi, kowa ya kawo masa damin da aka yi alkawari. Saboda haka maƙeri ma yana duban gabas yana addu'ar ruwa kamar mai gona, domin in gona ta ƙi, aikinsa na shekara ya tafi a banza.

Tufa kuwa sai ta bi hannu biyar ko shida kafin ta hau jiki. Manomi ya noma auduga. Mata su gurje ta, su shiɓe, su kaɗa zare da mazari, yawanci da dare bayan an gama aikin gida. Masaƙi ya ja zaren a masaƙarsa ya fitar da ƙyalle siriri mai tsawo, wanda a Barno ake kira gabaga. Maɗinki ya haɗa ƙyallayen ya fitar da riga. Marini ya tsoma ta a karofi cikin ruwan baba da toka, mabugi ya buge ta har ta yi ƙyalli. Duk wanda ya ga Babarbare cikin babbar rigarsa ran salla, aikin rabin ƙauye ya gani a jikin mutum guda. Daɗin daɗawa, wannan gabaga a zamanin da kuɗi ce, da ita ake saye da sayarwa kafin wuri ya yawaita a Barno.

Ga majemi yana jiƙa fata da bagaruwa, ya miƙa wa baduku, shi kuma ya fitar da takalmi da guga da gafaka da kayan sirdi. A ƙasar da doki ke da daraja irin ta Barno, baduku ba ya rasa aiki. Ga mata magina tukwane da tulu da randa, ga masu saƙar tabarma da faifai da kaba, ga masu haɗa turaren wuta da humra, sana'ar da har gobe ba a kama ƙafar matan Barno a kanta ba. Ga mahaƙa rijiya, waɗanda in babu su babu ƙauyen ma ɗungum. Ga mahauci ran kasuwa. Ga wanzami, wanda aikinsa ya wuce aski: shi ne mai ƙaho, shi ne mai kaciya, shi ne mai cire beli, shi ne kuma mai yi wa jariri zanen da za a gan shi a ce wannan ɗan Barno ne.

Abin lura a nan shi ne, kusan duk waɗannan masu sana'a manoma ne da damina. Sai an kai amfanin gona gida sa'an nan masaƙi ke kafa masaƙa, marini ya tayar da karofi. Watau rani, wanda yanzu ya zama lokacin zaman kashe wando ga samari da yawa, a wancan zamani shi ne lokacin neman kuɗi. Yaro kuwa tun yana ƙarami yake zaune gaban ubansa ko ubangidansa, yana miƙa wannan yana riƙe wancan, har hannunsa ya faɗa. Ba takardar shaida, ba kuɗin makaranta, amma in ya isa aure yana da abin riƙe mata.

Sana'ar Alƙalami

Akwai wata sana'a da Barno ta yi wa kowa zarra a kanta, ita ce rubutun Alƙur'ani. Tun zamanin da, almajiri daga Kano ko Katsina ko Zazzau in an ce ya tafi gabas, an san inda ya nufa. Tsangayun ƙauye su ne matattararsu, gama can ne ake samun itacen hura wutar karatun dare, da gonar malam da za a noma, da nisa daga hayaniyar birni. Wanda ya haddace ya kuma ƙware, shi ake kira goni, mu kuwa mu ce gwani.

Mahaddaci yakan zauna ya rubuta Alƙur'ani sukutum da ka, ba tare da duba wani ba. Alƙalaminsa na kara ne, tawadarsa da hannunsa ya dafa ta da ƙaro, baƙa don baƙaƙe, ja don wasali. Takardar kuwa daga Italiya take zuwa ta hanyar Tarabulus, mai tambarin jinjirin wata uku a cikinta. In ya gama, ba a ɗinke warƙoƙin, sai baduku ya yi musu bango da gafaka. Irin wannan Alƙur'ani na Barno, da rubutunsa mai kauri da aka san shi da shi, fatake sun daɗe suna kai shi har ƙasashen Larabawa na arewacin Afirka ana saye da daraja. Dubi hannun mutum nawa ya ci abinci a kan littafi guda: mai ɗiban ƙaro, da baduku, da majemi, da falke, da shi marubucin.

Mu Hausawa muna da bashin Barno a wuyanmu ta wannan fanni. Masana harshe sun nuna cewa kalmomin karatu da rubutu da kasuwa ta bakin Barebari suka shigo Hausa, haka kuma sarautun Galadima da Ciroma da Yarima da Kacalla. In Bafulatani ya tsokani Babarbare da wasan da ke tsakaninsu, to, Bahaushe dai ya yi shiru ya saurara, don malaminsa ake taɓawa.

Kasuwa Da Hanya

Ran kasuwa ne ake ganin yadda ƙasar ta haɗu. Matan Larabawan Shuwa su shigo bisa takarkarai da nono da man shanu. Daga bakin Tafkin Chadi a kawo banda da kanwa, wadda Buduma ke ƙetarowa da ita cikin jiragensu na ciyawa. Daga ƙasar Manga a kawo mangul. Daga daji a kawo ƙaro. Fataken Hausawa su iso da goro da baƙin Kano, bayan tafiyar kusan wata guda, gama tsakanin Kano da Yerwa ya fi mil 350. Su sauka gidan fatoma, shi ne mai masauki, shi ne mai nemo dillali, shi ne kuma mai tsaya wa baƙo in ciniki ya rikice. In za su koma su ɗauki kanwa da fata da ƙirgi, su kora shanu da dawaki. A cikin birni kuma ga Larabawan Tarabulus a unguwar Fezzan, ragowar masu cinikin hamada.

Ta nan ne kuma hanyar alhazai ta bi. Mai niyyar Makka daga Sakkwato ko Kano sai ya ratsa Yerwa, ya wuce Dikwa da Kusuri da Fallomi, wadda ake kira Njamena yanzu, ya bi ta Abeshe da Fashir har bakin Bahar Maliya, a ƙasa, shekara da shekaru. Guzurin irin wannan matafiyi sana'arsa ce. Inda kuɗi ya ƙare ya tsaya ya yi ɗinki ko aski ko ƙodago, ya tara, ya ƙara gaba. Da yawa daga Hausawan da suka zauna Barno da Chadi da Sudan, asalinsu ke nan.

Kuɗin da ke yawo a kasuwar 1925 gauraye ne. Ga sule da sisi da taro da kwabo da anini na Turawa, waɗanda da su ake karɓar haraji. Ga tsohuwar azurfar nan mai kan sarauniya, wadda Barebari ke kira gursu, mutane na ɓoyonta don sun fi amincewa da ita. Wuri kuwa yana ta ja da baya. Wannan haraji na tsabar kuɗi shi ya tilasta wa talaka ya sayar da gyaɗa ko fata ko ƙaro ga kamfanonin Turawa, ko ya so ko bai so ba.

Kada Mu Yi Wa Jiya Kwalliya

Ba daidai ba ne mu zana wancan zamani kamar aljanna. Bauta ba ta gama mutuwa ba: dokar Turawa ta 'yanta duk wanda aka haifa daga watan Afrilu na 1901, amma sai a 1936 aka soke bautar baki ɗaya, saboda haka a 1925 akwai masu noma gonar da ba tasu ba. Akwai aikin tilas na gyaran hanya da ɗaukar kayan Bature. Agana da ƙyanda da kurkunu suna ɓarna, mace mai naƙuda ba ta da kowa sai ungozoma da Allah. Wasu sana'o'in ma ana yi musu kallon raini, har a ƙi ba mai yinsu aure, alhali ba a iya kwana guda ba tare da aikinsa ba. Wannan hali ne da bai kamata mu yi kewarsa ba.

Kuma tun a lokacin alamun canji sun bayyana. A ƙarshen 1925 jiragen sama uku na sojan Ingila da suka taso daga Masar suka sauka Maiduguri kan hanyarsu ta zuwa Kano. A shekarar ce kuma wani ɗan Yerwa, Kashim Ibrahim, ya tafi Kwalejin Katsina, wanda daga baya ya zama Gwamnan Jihar Arewa. Akoko da atamfa na kanti suka fara karya masaƙi, kwanon sha da tasa suka fara karya maginiya. Jirgin ƙasa ya kai Nguru a 1930, ya iso Maiduguri a 1964. Mota ta kashe fatauci da jakai. Birni ya yi ta faɗi yana haɗiye gonaki, ƙauyen jiya ya zama unguwar yau.

Abin Da Ya Rage Gare Mu

Abin da zamani ya fara a hankali, masifu sun zo sun ƙarasa da gaggawa. Farin shekarun 1970 da 1980 ya janye Tafkin Chadi. Rikicin da ya ɓarke a 2009 ya tashi ɗaruruwan ƙauyuka, ya cusa mutanensu cikin Maiduguri. A watan Nuwamba na 2020 aka yi wa manoman shinkafa na Zabarmari kisan gilla a gonakinsu. Kasuwar Litinin ta ƙone a Fabrairun 2023, sa'an nan a Satumban 2024 madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya ci babban sashe na birnin. Yaron da aka haifa a sansanin gudun hijira, yanzu ya zama saurayi bai taɓa riƙe turun dasa masakwa ba, bai ga kakansa a bakin maƙera ba. Sarƙar nan ta uba ya koya wa ɗa, wadda ko yaƙin Rabe bai tsinka ba, ita ce ke neman tsinkewa a hannunmu.

Don haka muna da roƙo biyu. Na farko ga hukuma. Gina gidaje da mai da mutane garuruwansu aiki ne mai kyau, amma abin da ya riƙe ƙauyen 1925 shi ne kowa yana bukatar aikin ɗan'uwansa. In an mai da mutane, a tabbata gona ta noma cikin aminci, kasuwa ta ci, a nemo tsofaffin maƙera da dukawa da marina da suka rage, a ba su jari da rumfa, a haɗa su da yara. Ba a ce a koma jiya ba. Maƙerin yau yana iya ƙera garma da ƙofa da kayan injin ban ruwa. Hular Barno da turarenta da Alƙur'aninta kuwa, har yanzu masu saye suna nemansu daga Legas har Makka.

Na biyu ga masu ilmi. A Ingila, tun 1538 aka umarci kowace majami'ar ƙauye ta riƙa rubuta wanda aka yi wa baftisma da wanda ya yi aure da wanda aka binne, shi ya sa Bature ke iya gano kakan kakansa da ƙauyen da ya fito. Mu namu littafin yana cikin kawunan tsofaffi ne, kullum kuwa ana binne shi warƙa warƙa. Akwai rahotannin da Turawan mulki suka rubuta a kan gundumomi don yanka haraji, masu lissafin garuruwa da sana'o'insu, suna ajiye a Gidan Adana Takardun Tarihi na Kaduna. Ya kamata ɗaliban Jami'ar Maiduguri su kwaso su, sa'an nan su shiga Umarari da Molai da sauran unguwanni da sansanoni, su zauna gaban dattawa maza da mata, su tambaye su wa ya sari garinsu, ina rijiyar farko take, su wa ke ƙira, su wa ke rini, wace rana kasuwarsu ke ci. Wanda aka haifa a 1940 ya ji daga bakin wanda ya ga 1925 da idonsa. In wannan tsara ta wuce, sai dai ƙila-wa-ƙala.

Kai ma mai karatu, ko a Argungu kake ko a Maraɗi, wannan aiki bai fi ƙarfinka ba. Wayar da ke aljihunka tana ɗaukar magana. Je ka gai da tsohon da ya fi kowa shekaru a gidanku, ka tambaye shi sana'ar ubansa da yadda ake yinta, da sunayen kayan aikin ɗaya bayan ɗaya. Da tsohuwar zuma ake magani. Wanda ya samo wani abu ya rubuto mana, filin nan a buɗe yake.

Allah ya zaunar da Barno lafiya, ya mai da kowa gidansa da gonarsa. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.